Hasken Eksire Daga Iskar Manyan Taurari: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa karaya, ko tari ya daɗe masa, ya san eksire: a tsayar da kai gaban na'ura, a ce ka riƙe numfashi, a miƙo maka hoto baƙi da fari. Taurari ma suna fitar da irin wannan haske, kuma akwai masana da suka shafe shekara arba'in da ɗoriya suna ƙirga shi ƙwaya-ƙwaya, suna duba ko ya ƙaru ko ya ragu. Tambayoyin nan sun shafi rukuni guda ne na taurari, manya masu tsananin zafi, da iskar da ke fita daga jikinsu.

Waɗanne taurari ake nufi da manya masu zafi?

Masana sun kasa taurari aji-aji bisa zafin fuskarsu, kowane aji da harafinsa. Ajin O ne kan gaba, sai ajin B. Fuskar ranarmu tana da zafin digiri 5,800 ko kusa da haka a ma'aunin Kelbin, amma tauraron ajin O yana kamawa daga 30,000 zuwa 50,000. Nauyinsa ya ninka na rana sau goma sha biyar zuwa sama, wani har ya haura ɗari. Haskensa kuwa yakan kai na rana dubu ɗari, wani ya kai miliyan, kuma launinsa shuɗi-shuɗi ne.

Ba su da yawa. Sai ka tara taurari miliyoyi kafin ka tsinci ɗaya. Ba sa kuma daɗewa: rana za ta yi shekara biliyan goma tana ci, su kuwa cikin 'yan miliyoyin shekaru sun ƙone makamashinsu. Akwai danginsu da ake kira Wolf-Rayet, sunan mutum biyu da suka fara lura da su a Faris a 1867. Akasarinsu tsofaffin taurarin ajin O ne da suka tuɓe rigarsu ta waje, cikinsu ya bayyana.

Tauraro kuma da iska? Me ke hura ta?

Haske ne ke hura ta. Abin yana da wuyar haɗiya a karon farko, domin mu mun saba da haske marar nauyi. Amma haske yana turi, sai dai turin namu ƙanƙane ne. A fuskar tauraron da ya ninka rana haske sau dubu ɗari biyar, turin ya isa ya ɗaga gas ya yi gaba da shi. Atam ɗin kabon da naitirojin da oksijin da ƙarfe da ke cikin gas ɗin suna shanye hasken ultrabayolet, wato hasken da ya wuce shuɗi wanda ido ba ya gani, kowane nau'i da launukan da yake kamawa. Duk ƙwayar hasken da atam ya shanye sai ta ingiza shi waje, shi kuma ya ja sauran gas ɗin su tafi tare.

Donald Morton ne ya fara ganin alamar wannan gudu ƙarara a 1967, da na'urar da aka ɗora a kan roka ta leƙa taurarin wani jeri a sararin sama da ake kira Oriyon. A 1970 Leon Lucy da Philip Solomon suka kawo bayanin turin haske, sannan a 1975 John Castor da David Abbott da Richard Klein suka shimfiɗa lissafin da har gobe ake gini a kansa.

Iskar rana tana gudun kilomita 400 zuwa 800 a daƙiƙa. Ta waɗannan taurari tana yin 1,000 zuwa 3,000. Tauraron Zeta Puppis, wanda za mu yi ta ambato, iskarsa tana gudun kusan kilomita 2,250 a daƙiƙa. Tafiyar da ke tsakanin duniya da wata ba za ta ɗauke ta minti uku ba. Abin da yake zubarwa a shekara guda ya yi kusa da nauyin duniyarmu sukutum.

Eksiren taurari da na asibiti abu ɗaya ne?

Jinsi ɗaya ne, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895. Bambancin a ƙarfi yake. Na asibiti yana ratsa tsoka. Wanda ke fitowa daga iskar taurari yawanci mai laushi ne, takarda 'yar siririya ma za ta tare mafi yawansa. Iskar duniyarmu tana shanye shi kaf tun daga sama, shi ya sa ba yadda za a yi a gan shi daga ƙasa, dole sai an harba na'ura sararin samaniya.

Tauraron ɗan Adam na farko da aka ware wa wannan aiki daga Afirka ya tashi. An harba shi daga wani dandamali a tekun Kenya ranar 12 ga Disamba 1970, ranar bikin 'yancin ƙasar, aka raɗa masa suna Uhuru, wato 'yanci da Suwahili. Na'urorin da suka fi yi wa maganarmu aiki su ne Chandra ta Amurka da XMM-Newton ta Turai, dukansu an harba su a 1999.

Yaushe aka gano cewa waɗannan taurari suna fitar da eksire?

Tsintuwa aka yi. A ƙarshen 1978 aka harba na'urar Einstein, aka karkata ta wajen wani abu mai haske da ake kira Cygnus X-3 don gwaji. Sai ga wasu ɗigo-ɗigo a gefen hoton. Da aka bincika, taurarin ajin O ne na gungun Cygnus OB2. Aka wallafa labarin a 1979.

Abin ya ɗaure kai saboda dalili biyu. Zafin digiri 40,000, duk da girmansa, bai isa ya haifar da eksire na a zo a gani ba. Ana buƙatar gas mai zafin miliyoyi. Rana tana da irin wannan gas a rawanin da ke kewaye da ita, amma abin da ke ɗumama shi maganaɗisu ne da tafasar saman rana ke haifarwa, kamar yadda kunu ke juyawa a tukunya. Manyan taurari masu zafi ba su da irin wannan tafasa mai zurfi a samansu. To wa ya hura wutar?

Da aka auna taurari da yawa sai wata ƙa'ida ta fito: eksiren tauraron ajin O kusan kashi ɗaya ne cikin miliyan goma na dukan haskensa. Babba ko ƙarami, rabon bai cika kaucewa ba.

To daga ina zafin yake fitowa?

Hasashen farko shi ne akwai siririn rawani mai zafi a gindin iskar, manne da fuskar tauraron. Joseph Cassinelli da Gordon Olson ne suka kawo shi a 1979. Matsalarsa ita ce da haka ne, da iskar da ke bisansa ta shanye eksire mai laushi kafin ya fito, alhali ana ganin sa yana fitowa. Ashe wutar a cikin iskar kanta take, a warwatse.

Ga yadda abin yake. Kowane atam launi takamaimai yake kamawa. Atam ɗin da ke ƙasa, kusa da tauraro, sun riga sun shanye wannan launi, don haka na bayansu a inuwa suke, turin da suke samu kaɗan ne. Yanzu a ce wani ɗan yanki na gas ya ɗan fi maƙwabtansa sauri. Ka san yadda jiniyar motar asibiti ke sauya murya idan ta wuce ka. Haske ma haka yake yi wa abin da ke gudu. Ƙarin saurin sai ya sa yankin ya koma kama wani launi na gefe wanda ba wanda ya taɓa shi. Ya fita daga inuwa ke nan. Turi ya ƙaru, sauri ya ƙaru, ya ƙara fita daga inuwa, turi ya sake ƙaruwa. Kafin ka ce kwabo ya fi na gabansa gudu da ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa, sai ya afka musu ta baya.

Wannan karo shi ne murhun. Idan gas ya daki gas da bambancin gudun kilomita 500 a daƙiƙa, zafin yakan haura digiri miliyan uku. Kuma zafin yana tafiya ne da gudu sau gudu: ninka gudun sau biyu, zafin ya ninku sau huɗu. Lucy da Richard White suka fara zana wannan hoto a 1980. A 1988 Stanley Owocki da Castor da George Rybicki suka gwada shi a kwamfuta, iskar ta dagargaje ta zama gudaji-gudaji masu kauri da sarari kusan fayau a tsakaninsu, kamar kunun da aka dama da gaggawa. Achim Feldmeier da abokan aikinsa suka nuna a 1997 cewa karon gudaji da gudaji ne ke ba da eksire mai yawa.

Chandra ta zo ta ƙara wa maganar nauyi. Da ta rarrabe eksiren Zeta Puppis launi-launi, layukan sun fito da faɗi, alamar gas ɗin da ke fitar da su gudu yake tare da iska. Lissafi ya nuna wutar tana fara kamawa ne a ɗan nesa da fuskar tauraron, kimanin rabin tazarar da ke tsakanin cibiyarsa da fuskarsa.

Idan karo ne ke haifar da shi, ai kamata ya yi hasken ya riƙa walƙiya yana ɗaukewa. Haka ake gani?

Nan ne gizo yake saƙar, kuma a ganina nan ne maganar ta fi daɗi.

Gwaje-gwajen kwamfuta na farko sun ɗauka iskar ɓawo-ɓawo ce kamar albasa, kowane ɓawo ya lulluɓe tauraron gaba ɗaya. Idan ɓawo ya daki ɓawo, duk kewayen ya kama wuta lokaci guda, sannan ya mutu. Da haka ne, da eksiren ya riƙa ninkuwa yana faɗuwa cikin 'yan sa'o'i. Masu kallo suka zuba ido. Shiru.

An yi sa'a da Zeta Puppis. Masu kula da XMM-Newton sun zaɓe shi cikin taurarin da suke gwada lafiyar na'urarsu da su, don haka suka yi ta komawa kansa shekara bayan shekara. Yaël Nazé da Eric Gosset na Jami'ar Liège a Beljiyam, tare da Lidia Oskinova ta Potsdam a Jamus, suka tattara bayanan kusan shekara goma suka tace su, suka fitar da sakamako a 2013. A gajeren lokaci, daga mintoci zuwa 'yan sa'o'i, sauyin hasken bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Tauraron da iskarsa ke dambe da kanta dare da rana, haskensa na eksire ya tsaya cik.

Wanda ya kwana a ɗakin kwano da damina ba zai sha wahalar gane dalili ba. Idan yayyafi ya fara, kana jin kowane ɗigo daban: tas, tas, shiru, tas. Idan ruwan ya kece, ɗigon ya ɓace, sai ƙara guda miƙaƙƙiya wadda ba ta hawa ba ta sauka. Kowane ɗigo yana nan yana dukan kwano, yawansu ne ya shafe su. Daga santsin ƙarar kana iya kintata yawan ruwan. Haka su Nazé suka yi: suka tambayi kwamfuta, gudaji nawa ake buƙata kafin haske ya yi santsi irin wannan? Amsa ta ce sama da dubu ɗari.

Wato rashin sauyin shi ne ya ba da labari. Ba wata na'ura da za ta iya ɗaukar hoton gudaji guda a nisan da ya haura shekarar haske dubu, wato tafiyar da haske zai yi cikin shekara dubu, amma an ƙirga su a dunƙule ta hanyar shirun da suka haifar.

Ta yaya ake bambance sauyi na gaske da kuskuren awo?

Na'urar eksire ƙwayoyin haske take ƙirgawa ɗaya-ɗaya, kuma ba sa zuwa a jere kamar sojoji. Ko tauraron bai motsa ba, idan kana samun ƙwaya 100 a kowane zango, za ka ga wani zangon 90, wani 110. Wannan rawa ce ta ƙidaya kawai. Idan ka tara 10,000, rawar takan tsaya wajen 100, kashi ɗaya cikin ɗari ke nan. Sai sauyi ya wuce wannan iyaka ake sauraronsa.

Akwai darasi a kan haka. A shekarun 1990 an ba da rahoton cewa na'urar ROSAT ta Jamus ta ga eksiren Zeta Puppis yana maimaita kansa duk sa'a goma sha bakwai ko kusa da haka. Bayanan XMM-Newton ba su sake nuna shi ba.

Ke nan Zeta Puppis ba ya sauyawa ko kaɗan?

Yana sauyawa, a hankali. Binciken 2013 ɗin ya ga hawa da sauka da ya kai kashi 15 cikin ɗari a cikin sa'a 16, abin da ke nuna wani abu babba ne ke wucewa, wanda yake ɗaukar kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki. Gudaji ƙanana ba za su yi wannan ba.

Wanda ake zargi shi ne tabo. A ce akwai wani wuri a fuskar tauraron da ya fi sauran haske. Iskar da ke tashi daga nan za ta bambanta da ta gefenta a gudu da kauri. Tauraron kuma juyawa yake yi. Dubi mai wankin mota idan ya riƙe tiyo yana juyawa a tsaye: kowane ɗigo miƙe yake tafiya, amma zaren ruwan sai ya lanƙwashe ya zama kamar dodon koɗi. Haka zaren iskar tabon yake naɗewa, kuma inda mai sauri ta tarar da mai nawa, sai a sami doguwar katangar gas mai juyawa tare da tauraron. Dermott Mullan ya kawo wannan tunani a 1984, ya aro shi daga abin da aka sani game da iskar rana, sannan Steven Cranmer da Owocki suka gwada shi a kwamfuta a 1996. Tun kafin nan na'urar IUE mai kallon ultrabayolet ta daɗe tana ganin wasu inuwoyi suna ratsa iskar taurarin ajin O suna dawowa bayan kwanaki.

A 2014 Ian Howarth da Ian Stevens suka gano hasken Zeta Puppis na ido yana ɗan raguwa yana ƙaruwa duk kwana 1.78. Ƙananan taurarin ɗan Adam na BRITE, kowanne bai wuce ɗan akwati ba, suka tabbatar da haka. Sai Chandra ta zauna a kansa tsakanin 2018 da 2019, jimillar kallo sama da kwana tara, kuma a 2021 Joy Nichols da tawagarta suka ba da rahoton kwana 1.78 ɗin nan a cikin eksire ma. Abin da ke faruwa a fuskar tauraron da abin da ke faruwa can cikin iskarsa agogo ɗaya suke bi. An ga makamancin wannan a Xi Persei da Zeta Ophiuchi.

Me ke haifar da tabon? Ana ta muhawara. Wasu na cewa ƙananan kulle-kullen maganaɗisu ne masu zuwa su wuce, wasu na danganta shi da bugun jikin tauraron. Maganar bugu ba tatsuniya ba ce: a 2014 Oskinova da abokanta sun ga eksiren tauraron Xi-1 Canis Majoris yana hawa da sauka daidai da kumburi da motsewar jikinsa, kusan duk sa'a biyar.

Ina labarin taurarin da ke da maganaɗisu mai ƙarfi?

Kusan bakwai cikin ɗari na manyan taurari suna da shi, kuma su nasu sauyin ba a ɓoye yake ba. Fitaccensu shi ne Theta-1 Orionis C, wanda ke haskaka gajimaren Oriyon. A 1997 Marc Gagné da abokansa suka nuna da bayanan ROSAT cewa eksirensa yana hawa yana sauka duk kwana 15.4. A shekarar ne Jacques Babel da Thierry Montmerle suka bayyana dalili: maganaɗisun yana kama iskar da ke tashi daga rabin tauraron na sama da na ƙasa, ya lanƙwaso su kan hanya, su haɗu gaba da gaba a tsakiya. Wannan ba bugun baya ba ne irin na gudaji. Karon raguna ne, kai da kai. Shi ya sa zafin ke kai digiri miliyan talatin.

Gas mai zafin yana taruwa kamar ɗamara a ƙugun tauraron. Da yake maganaɗisun a karkace yake, yayin da tauraron ke juyawa wani lokaci muna kallon ɗamarar daga sama, duka a buɗe, wani lokaci kuma daga gefe, jikin tauraron ya kare wani sashe. Hawa da saukar ke nan.

Abin burgewa shi ne an yi hasashen maganaɗisun kafin a auna shi. Sai a 2002 Jean-François Donati da tawagarsa suka same shi, kimanin dubu a ma'aunin ƙarfin maganaɗisu da ake kira gawus, wato ya ninka na duniya wajen sau dubu biyu.

Idan manyan taurari biyu suna kewaya juna fa?

Sai iska ta gamu da iska. Yawancin manyan taurari ba su kaɗai suke ba, kuma tun 1976 masana a Tarayyar Sobiyet suka yi hasashen cewa inda iskokin biyu suka gwabza za a sami eksire mai ƙarfi. Da yake kowace tana tafe da cikakken gudunta, zafin yakan kai miliyan gomomi.

WR 140 shi ne misalin da malamai suka fi so, saboda yana da tsari. Tauraron Wolf-Rayet ne da abokinsa na ajin O, suna zagaye guda a shekara 7.9, a kan hanya doguwa mai kama da ƙwai. Nisansu idan sun rabu ya ninka na lokacin kusantarsu kusan sau ashirin. Suna matsowa, gas ɗin da ke wurin karon yana ƙara kauri, eksire yana hawa. Dab da kusanta mafi ƙarfi sai ya faɗi warwas, domin iskar Wolf-Rayet mai kauri ta shiga tsakaninmu da wutar, gas ɗin kuma ya fara hucewa da sauri. An bi wannan a 2001 da 2009 da 2016. A kowace haɗuwa kuma ana samun ƙurar kabon, kuma hoton da na'urar James Webb ta ɗauka a 2022 ya nuna zobba aƙalla 17 na ƙurar nan, ɗaya cikin ɗaya, tarihin fiye da shekara 130.

Eta Carinae kuwa ɗan tawaye ne. A 1843 ya yi aman da ya sa ya zama na biyu a haske a sararin dare, bayan Shi'ira. Yana nisan shekarar haske 7,500, lulluɓe da gajimaren abin da ya amayar. Augusto Damineli na Barazil ya nuna a 1996 cewa yana maimaita wani hali duk shekara biyar da rabi. Michael Corcoran ya yi ta bin sa da na'urar RXTE daga wannan shekara. Abin da aka gani: eksire yana hawa na watanni, da tartsatsi ɗaya bayan ɗaya, sai ya nutse. Ya nutse daga ƙarshen 1997 zuwa farkon 1998, da tsakiyar 2003, da Janairun 2009, da 2014, da 2020.

Eta Carinae ma taurari biyu ne masu kewaya juna, amma ba wanda ya taɓa ganin abokin ido da ido. Eksire ne ya tona shi. Iskar babban tauraron mai kauri ce, tana kwashe kusan nauyin Jufita, babbar duniyoyin da ke kewaya rana, a shekara, amma ba ta da sauri, kilomita 400 da 'yan kai a daƙiƙa, gudun da ba zai ba da zafin da ake gani ba. Dole akwai wata iska mai gudun kusan 3,000, kuma dole wani ne ke hura ta.

Lokacin nutsewar bai taɓa saɓa alƙawari ba, amma tsawonsa yana saɓawa. Na 1998 da na 2003 sun ɗauki kusan wata uku. Na 2009 ya gajarta da kimanin wata guda. Hanyar kewayen ba ta canja ba, don haka wani abu ne ya canja a iskar. Ni wannan ɓangaren ya fi jan hankalina fiye da hotunan gajimaren da ake yawan yaɗawa.

Na ji ana haɗa maganar nan da baƙin rami. Ina alaƙar?

Wani lokaci abokin babban tauraron ya riga ya mutu, ya bar gawa: tauraron niyutiron, wato ɗan curi mai tsananin nauyi, ko baƙin rami, wanda ko haske ba ya kuɓuce wa jansa. Gawar tana yawo cikin iskar tana haɗiyar abin da ya zo bakinta, abin da ta haɗiya kuma yana ƙonewa ya ba da eksire mai tsananin ƙarfi. A Vela X-1, tauraron niyutiron da faɗinsa bai wuce na gari guda ba yana kewaya wani ƙaton tauraron ajin B duk kwana tara, yana juyawa a kansa duk daƙiƙa 283. Haskensa yakan yi tsalle ya ninku, wani lokaci kuma ya ɗauke na 'yan mintoci. Ɗaya daga cikin bayanan da ake bayarwa shi ne ya ci karo da gudaji, sannan ya faɗa sarari. A Cygnus X-1, inda baƙin rami mai nauyin rana 21 ke zagaye duk kwana 5.6, ana ganin eksiren yana dusashewa na ɗan lokaci idan gudaji ya gifta ta gabansa. A nan ana jin ɗigon ruwan ɗaya-ɗaya, domin kwanon ɗan ƙarami ne. Sai dai fassarar tana da sarƙaƙiya, tunda eksiren gawar da maganaɗisunta su ma suna dagula iskar da ake son aunawa.

Duk wannan wahala, me ake nema?

Ana neman lamba guda: nawa tauraro yake zubarwa a shekara. Tsofaffin hanyoyin awo suna ɗaukar iskar sumul take. Hasken da suke aunawa kuwa yana tafiya da kauri sau kauri, saboda haka iska mai gudaji tana bayyana kamar ta fi yadda take yawa. Da aka gane haka sai aka zabge alƙaluman da ke cikin littattafai, sau da yawa zuwa kashi ɗaya cikin uku.

Wannan ragi yana taɓa ƙarshen tauraron: irin fashewar da zai yi, da ko zai bar tauraron niyutiron ko baƙin rami, da nauyin ramin. Lokacin da na'urar LIGO ta Amurka, mai auna girgizar sararin samaniya, ta kama girgizar haɗewar baƙaƙen ramuka biyu a 2015, masu nauyin rana kusan 36 da 29, tambayar farko ita ce yaya aka yi iyayensu ba su zubar da nauyinsu a iska ba. Amsar tana komawa ga ƙarancin ƙarfe da danginsa a jikinsu, tunda su ne haske ke kamawa ya tura.

Wannan eksire zai iya cutar da mu?

A'a. Nisan ya yi yawa, abin da ke isowa 'yan ƙwayoyi ne, su ma iskar duniya ta tare su.

Ana iya ganin taurarin nan da ido daga ƙasar Hausa?

Eksiren dai ba ya ganuwa, amma taurarin suna nan, kuma mun fi mutanen Turai sa'ar ganin waɗanda ke kudancin sararin sama. Daga Disamba zuwa Maris, bayan isha'i, nemi taurari uku da suka jeru a tsakiyar Oriyon. Biyun gefe, Alnitak da Mintaka, ajin O ne. Ƙasa da su akwai wani ɗan jeri mai dishi-dishi. Tsakiyarsa gajimaren Oriyon ne, kuma da ƙaramin madubin hangen nesa za ka ga taurari huɗu a cunkushe, mafi haskensu shi ne Theta-1 Orionis C.

Don samun Zeta Puppis, bi layin taurari ukun nan zuwa kudu maso gabas har ka isa Shi'ira, wanda ya fi kowane tauraro haske. Can ƙasa wajen kudu akwai Suhailu, na biyu a haske. Zeta Puppis yana gabas da layin da ya haɗa su, shuɗi-shuɗi, yana ganuwa sarai ko a gefen gari. Daga Kano yakan hau kusan digiri 38 bisa doron kudu. Eta Carinae ba ya wuce digiri 18, don haka yana son fili marar gini da dare marar wata, wajen Maris zuwa Mayu. Idan hazon hunturu ya sauko, na ƙasa-ƙasan nan su ne ke fara ɓacewa. A jira daren da ƙura ta kwanta.